Ƙasar da Babu Burtali

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, ku ƴaƴana, don dangar gidan nan ta kara ce, magana na ratsa ta. Kuna cewa ubanku ya ɗauki layi bakwai na gonar gado, wurin da ya fi ko'ina ba da hatsi, ya zubar saboda wani wasan yara na cikin waya. Kai ma Magaji, babbansu, na ji ka da kunnena kana gaya wa matarka wai tsufa ne ya fara taɓa mini kai. To, tsufa dai ya zo, ban yi gardama ba. Amma tun da ni na yi abin, ni ya kamata in faɗi yadda aka yi, shi ya sa na aika aka sawo mini kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, a kasuwar Korgom. Ban ce za ku gane komai ba, don ni da abin ya faɗa wa akwai wuraren da har yau ban gane ba. Abin da na gani da abin da na ji shi zan rubuta, in na kai inda kaina ya ɗaure sai in ce muku ya ɗaure.

Sai na fara da Buba. Duk kun san shi, dogon Bafillacen nan mai malafa da ke kawo muku kindirmo a ƙwarya. Ni da Buba mun haura shekara arba'in tare. Ubansa a gonar ubana yake sauka, shi kuma a tawa. Da an gama girbi, an ɗaure hatsi an kai rumbu, sai ka ji kukan shanu daga gabas, ka san Buba ya iso. Ya kafa bukkokinsa a tsakiyar gona, shanunsa su ci kara su bar mini taki, in auna masa hatsi, matarsa ta aiko wa uwarku nono da man shanu. Ba takarda, ba shaida, ba ciniki. Yana kirana Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ina kiransa Mai Sanda. In muka zauna a gindin gawo sai mu yi rabin yini ba mu yi magana goma ba, kuma kowa ya tashi ya ƙoshi da hira. Ranar da naƙudar autarmu Zalika ta yi wa uwarku tsanani, bijimin Buba ne ya ja amalanken da ya kai ta likita, shi da kansa yana gaba riƙe da igiya.

Ta gefen arewa na gonarmu burtali ya bi, wato hanyar da aka bar wa dabbobi tun kakanni su wuce zuwa tabki ba tare da sun taɓa shuka ba. Da ina yaro garke guda ke bin sa kafaɗa da kafaɗa. Iyakarmu da shi ciyawar gamba ce da ubana ya dasa. To ga gaskiyar da ban taɓa faɗa muku da bakina ba: ni na matsar da gambar nan. Ba a rana ɗaya ba. Shekarar da bakuna suka ƙaru a gidan nan, ƙasar gona kuma ta gaji, na duba na ga ƙasar burtali baƙa ƙirin da kashin shanu na shekara da shekaru. Sai na ciro gamba na dasa ta gaba kaɗan, na ƙara layi ɗaya na shuka. Layin nan ya yi zangarniya kamar damtsen ƙato. Da shekara ta zagayo na ƙara wani. Maƙwabcina Idi yana yi, na ƙetaren hanya ma suna yi, kowa na ganin kowa, ba mai cewa uffan. Cikin shekara bakwai na ci layi bakwai, burtali ya tsuke har sai saniya ta bi bayan saniya. Buba yana zuwa yana tafiya bai taɓa ɗaga maganar ba, ni kuma na ɗauka bai lura ba. Ku ji wauta, wai makiyayi bai lura da hanyar shanunsa ba.

Ana cikin haka Zalika ta zo goyon ciki daga Tasawa, inda mijinta ke gyaran waya. Damina ce, an gama maimai, wato noma na biyu, hatsi ya rufe mutum, manomi ba shi da aiki sai kallon sama. Ita kuwa tun safe tana ƙarƙashin rumfa, ta jingina da turmi, ta duƙufa a kan wayarta, sai in batir ya ƙare ta ba da a kai fano, inda ake caji da hasken rana. Kun san yadda nake da auta, abin da ba zan tambayi waninku ba ita ina tambayar ta.

"Ke auta, mi kike tono a wayar nan tun safe kamar kaza?"

"Gida nake ginawa, Baba."

"Gida? Da ciki wata takwas?"

Ta yi dariya ta miƙo mini. Na ga wata ƙasa shimfiɗe, kore shar, amma komai nata mai kusurwa huɗu ne kamar tubalin siminti. Ƙasa tubali, itace tubali, shanu tubali, har rana a sama an yi ta da kusurwa. Na ce wace ƙasa ce wannan, ta ce ba ƙasa ba ce. Na ce to wa ya ɗauko hotonta, ta ce ba hoto ba ne, wayar ce ke ƙirƙiro ta, kana tafiya tana shimfiɗa maka sabuwa a gabanka, kuma ba ta ƙarewa. Na ce a'uzu billahi. Na ce wa ke ba da gona a can, ta ce duk inda ka ga dama ka noma. Ba mai gari, ba sarkin noma, ba meri, wato ofishin magajin gari? Ta ce babu. Na juya wayar na duba bayanta, ban san abin da nake nema ba. Har yau in na ce muku na gane inda ƙasar nan take zaune, na yi ƙarya.

Bayan kwana biyu ta same ni da wata sabuwa. Wai masu wasan, can wata ƙasa mai nisa, sun yi abin da ta kira mizajur, sun canza yadda ƙasar ke fitowa, sun ƙaro abubuwa shida da babu su a da. Ita kuma ta saba in an yi haka sai ta ɗauki bidiyo da Hausa, ta jera sababbin abubuwan daga wanda ya fi kyau zuwa na banza, ta aika wa masu bin ta, waɗanda ta kira abone. Ta faɗa mini wannan, ban ce ba ta faɗa ba. Ni ne da na ji abone na ɗauka ƙawayenta ne na makarantar lise, ƴan mata huɗu ko biyar da suka zo bikinta.

"Baba, ni wasa na iya, kai kuwa ka san ƙasa. Zo ka jera mini su yadda manomi zai jera."

To wa za a ce wa ya san ƙasa ya ƙi zama? Na gyara hula, na sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta jingina wayar mijinta da ta zo da ita a kan turmi tana kallonmu, muka fara.

Na farko ta kai ni wasu duwatsu dogaye da fari a kansu. Ta ce ƙanƙara ce. Na ce ƙanƙarar da ake sayarwa a leda ranar kasuwa, mi ya kai ta kan dutse, wa zai hau ya sayo? Dutse ba a noma shi, a sa shi can ƙasa. Sai ta kai ni wani kurmi na itatuwa masu fure ja-ja, tana ta yaba su, wai kowa su yake so.

"Ana cin ɗiyansu?"

"A'a."

"Ganyen na miya ne?"

"A'a, Baba, kyau ne da su."

"Akuya na ci?"

"Ban taɓa gani ba."

"To itacen banza ne, kai shi kusa da dutsen."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Daga nan muka shiga wata fadama mai itatuwa da saiwarsu ke tsaye cikin ruwa kamar ƙafafun balbela. Wannan na ce a sa ta tsakiya, za ta yi shinkafa da lambu, amma sauro zai kashe mutum. Na huɗu shi ya taɓa ni. Ta tona ƙasa kaɗan sai ga mu cikin wani kogo mai faɗi, ga ruwa kwance a ƙarƙashin ƙasa, tsabtatacce, har da haske a cikinsa. Ni da na shiga rijiyar garin nan gaba arba'in muna neman danshi, na ga ruwa haka a banza, wallahi sai da na matso da fuskata kusa da wayar. Na ce auta, wannan shi ne na ɗaya, ba gardama. Ban rufe baki ba wani abu ya fito daga duhu ya auka mata, fuskar wayar ta yi ja, ta ce, "Kash, na mutu!" Na ce inna lillahi da ƙarfi. Sai ga uwarku ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Wa ya mutu?"

"Ita, amma ga ta ta dawo."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Yarinya da ciki kuna kiran mutuwa a kanta? Ku bar wannan shirme ko in jefa wayar a tukunya!"

Da mun bari a nan, da yau ba na wannan rubutu. Amma saura biyu, na ce a ƙarasa. Ta kai ni wani ƙauye da wayar ta gina da kanta, ba wanda ya sa mata hannu. Ga gidaje, ga rijiya a tsakiya, ga gonaki a jere, kowace da shingenta, ruwa na bi ta tsakiyarsu. Na ce ta zagaya mini bayan gonakin. Ta zagaya. Na ce ta sake. Ta sake, tana tambaya mi nake nema. Ni na san abin da nake nema, kuma ban gan shi ba. Gona na jingine da gona, ba a bar ko taki ɗaya na hanyar dabbobi ba. Wani daɗi ya taso mini wanda ban san yana cikina ba. Sai ta wuce da ni na ƙarshe, wani fili mai ciyawa iya ganinka, shanu na yawo a ciki ba mai su, ba mai kiwo. Abin da na faɗa a nan zan rubuta shi yadda yake, don kun ji shi, duk ƙasar nan ta ji shi.

"Sauke kogon nan, ƙauyen nan shi ne na ɗaya. Ga gona ga gona, babu burtali, babu kofato. Wanda ya yi wannan ƙasa ya san ciwon manomi. Filin ciyawar kuwa sa shi na ƙarshe, a ba Fulani, Buba ya kwashi shanunsa ya tafi can ya bar mu mu sha iska."

Na faɗa na yi dariya, har da tafa hannu. Zalika ma ta yi dariya, don ta san Buba, ta san yadda muke tsokanar juna. Uwarku ce kaɗai ba ta yi ba. Da muka tashi ta same ni a zaure ta ce, "Malam, ka ambaci sunan mutum a cikin abin nan." Na ce wasa ne. Ta ce, "Kai ka san wasa ne. Shi yana wurin?" Na ce mata ƴan mata biyar ne za su gani, ta je ta ji da tuwonta.

Zalika ta sauka lafiya, aka yi suna, na manta da zancen. Sai wata ranar kasuwa a Korgom na tsaya wurin mai shayi, ya dube ni ya dube ni, sai ya ce, "Akuya na ci?" Duk rumfar ta fashe da dariya. Wani ya ciro waya ya nuna mini kaina zaune a kan tabarmata, da hulata, ina faɗa da itace. Na ce ina ka samo wannan, ya ce wurin ƙanensa a Kona, shi kuma wani direba ya ba shi. Ta yaya abu ɗaya yake hannun mutum ɗari kuma bai bar hannun mai shi ba? Aka yi ta yi mini bayani, ban gane ba. Abin da na gane shi ne ko'ina na bi ana nuna ni, ana ce mini Baba Akuya-na-ci, masu moto na tsayawa su gaishe ni, mai nama na ƙara mini tsoka. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ni da ban taɓa wuce Maradi ba, ga sunana ya riga ni zuwa inda ban sani ba. Ko sau ɗaya ban tuna da ƙarshen bidiyon ba, kowa maganar akuya yake yi mini.

Aka yi girbi, aka kai rumbu. Na share wurin da Buba ke kafa bukka, na ajiye masa hatsinsa a gefe. Mako ɗaya ba kukan shanu. Mako biyu, shiru. Garken wasu suna wucewa, ina tambaya, kowa ya ce lafiyarsa lau. A mako na uku wani makiyayi ya ce mini ya gan shi can arewa, wajen Mairairai a ƙasar Mayahi, ya sauka a gonar wani. Ya faɗa yana kallon ƙasa, bai ko tsaya shan ruwa ba. Na shiga gida na ce wa Zalika, da ba ta koma ɗakinta ba tukuna, ta karɓo abin nan daga hannun mutane. Ta ce, "Baba, ba ya karɓuwa." Na ce ba ke kika ba su ba? Ta ce ko ta goge nata, nasu na nan. Ta fara kuka, jaririya ta kama. Na fita na bar su, don ban san wa zan yi wa faɗa ba.

Washegari na hau kabu-kabu tun da hantsi. Rairayin hanyar nan sau biyu yana kayar da mu, ba mu isa ba sai bayan azahar. Buba ya fito ya tarbe ni, ya shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi mai jego da jaririya, gaisuwa cikakkiya ba abin da ya rage. Sai dai tun da na sauka Malam Isuhu yake ce mini. Shekara arba'in ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sha nonon da ƙyar, na ce masa na share wuri ban gan shi ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa kafin ya yi magana.

"Malam Isuhu, wata ƙasa ka ce in tafi. Na tambayi yarana ta ina ake bi, sun ce ba a bi. Na ce to ƙasar wa ce, sun ce ba ta kowa ba ce, ba ta ma nan. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Da Agadas ka ce in tafi, na san hanya. Kai kuwa ka kore ni zuwa inda babu."

"Haba Buba, wasa ne. Wasan yara ne na cikin waya, ni kaina ban san kansa ba."

"Ƙasar ta wasa ce, na yarda. Burtalin da ka sa aka zagaya sau biyu kana nema, shi ma na wasa ne?"

Ya gaya mini a kasuwa ya fara ganin abin, samari sun taru suna dariya, shi ma ya yi dariyar akuya tare da su, yana cewa wannan Kaɗona ne. Sai aka zo ƙarshe, aka juyo ana kallonsa. Tun daga ranar, in ɗansa Hamadu ya kai shanu rijiya sai yaran gari su bi shi suna cewa ku tafi can mu sha iska. Har an kusa zare sanda sau ɗaya.

"Shekara bakwai, layi bakwai," in ji shi. "Ina ƙirgawa. Na yi shiru don na ce yunwa ce ta sa shi, yana yi yana jin kunya, kar in ƙara masa. A wayar nan na ga fuskarka. Ba kunya kake ji ba, daɗi kake ji."

Ƴaƴana, an sha gaya mini magana a duniya, ba wadda ta taɓa shiga jikina kamar wannan. Na ji kunyar da ban ji ba shekara bakwai ta sauko mini gaba ɗaya. Kuma abin da ya fi ruɗa ni, ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Ni dai na san ina son Buba. Amma daɗin nan da na ji da na ga ƙauyen da babu burtali, shi ma nawa ne, ba wanda ya ara mini. Ta yaya biyun suka zauna a ciki ɗaya ban sani ba, sai da wani wasan tubali ya zo ya tono? Na ce masa ya yafe mini, ya faɗi abin da zan yi. Ya ce shi bai aika a kira ni ba, ba shi da abin da zai sa ni. Na ce to baɗi zai dawo? Ya ce shanu ke gaba, shi yana baya. Ya raka ni har wurin moto, ya sa aka ɗaura mini man shanu a baya kamar yadda ake yi wa baƙo.

Ranin nan duka ina juya abin. Zalika ta ce mu ɗauki wani bidiyon in ba da haƙuri, muka ɗauka, na yi magana mai tsawo daga zuciyata. Ba wanda ya tura wa wani, don babu abin dariya a ciki. Kar ku kuskura ku ɗora wa yarinyar nan laifi, ita tambaya ta yi, bakina ne ya amsa. Da ruwan farko ya sauka, kowa ya fita da sungumi, ni na fita da magirbi da kwando. Na bi gambar nan gindi gindi na ciro ta, na mayar da ita inda ubana ya dasa, har kututturen tsohuwar aduwa da ke nuna wurin. Kai Magaji ka biyo ni gona kana huci.

"Baba, wa ya sa ka? Mai gari ne? Meri ce?"

"Ba wanda ya sa ni."

"To Idi ya mayar da tasa? Na ƙetare sun mayar? Mu kaɗai za mu ci asara saboda Bafillacen da ya tafi ya bar ka?"

Na duƙa na ci gaba da dasa gambata. Gaskiyarka ce ta wani gefen. Ba wanda ya bi ni. Idi ya daina gaishe ni, wai na tona masa asiri, don yanzu duk mai wucewa yana ganin inda tsohuwar iyaka take. Burtali ya zama tsukakke daga gabas, ya buɗe a daidai gonarmu, ya sake tsukewa a ta Idi, kamar macijin da ya haɗiye kwaɗo. Ga layi bakwai sun tafi, ga gona ba ta sami taki ba, hatsin shekarar bai kai mu ko watan bakwai ba, kai da ƙanenka kuka tafi ci-rani ba da son ranku ba. Na san wannan, ban manta ba, kuma ban ce ku yi mini godiya ba. Abin da nake so ku sani shi ne ba kyauta na yi ba, ba kuma ruɗin waya ba ne. Kayan mutane na mayar. In na mutu aka zo rabon gado, a auna daga gamba zuwa kudu, abin da ke arewa da ita ba namu ba ne.

Da kaka ta zagayo na sake share wurin bukka, uwarku na kallona. Wata ranar Laraba da hantsi na ji kuka daga gabas, na san muryar shanun nan kamar yadda na san taku. Na fita ko takalmi ban sa ba. Suna fitowa daga matsatsi ɗaya bayan ɗaya, da suka iso daidai gonarmu sai suka bazu, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, wasu suka kwanta. Na duba bayan garke ina neman malafa. Hamadu ne, shi da matarsa da jakuna biyu ɗauke da kaya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ƙafafun babansa sun ƙi, ya zauna can arewa. Na ce to a sauke kaya, ga wuri na share.

"Babana bai ce in sauka ba."

"Ya ce kar ka sauka?"

"Bai ce ba. Ya dai ce in na zo nan in duba, in kuma gan ka in gaya maka ya ji."

"Ya ji mi?"

"Haka kawai ya ce, Baba. Ya ji."

Na juya tambayar ta kowace fuska, yaron ba shi da ƙari. Aka kawo musu fura suka sha, shanu suka huta a faɗin nan har la'asar, kayan na kan jakuna ba a kwance ko igiya ɗaya ba. Da rana ta yi sanyi ya tashe su. Na tsaya a bakin gamba ina kallo har saniyar ƙarshe ta shige matsatsin gonar Idi. Na yi niyyar in hau moto in je in tambaye shi da bakina, na ce bari a gama sussuka, bari a gama kaza, ashe tsoron amsar nake ji. Kafin damina ta sake faɗuwa aka aiko mini Buba ya rasu. Har yau ban sani ba ko yafe mini ya yi ko sallama ta ya yi, kuma ba wanda ya rage da zan tambaya.